Sunan aro a bankin jini: yadda muka mayar wa wata majinyaciya da sunanta

A bankin jini na asibiti nake aiki, kuma mu a ɗakinmu ba ma ganin fuskar mara lafiya. Abin da ke iso mu 'yar kwalba ce mai jini da sitika a jikinta, sai takardar neman jini. Idan rubutun kwalbar ya yi daidai da na takardar, su biyun kuma suka yi daidai da munduwar roba da ke hannun majinyaci, to mun san mutum. Idan harafi ɗaya ya saɓa, ba mu san shi ba, ko da ɗan uwanmu ne na jini. Shi ya sa canza sunan majinyaci, wanda a ofishin kati bai wuce danna maɓalli ba, a wurinmu yakan ci yini guda, wani lokacin har da ɓacin rai.

Matar da zan ba da labarinta cikin dare aka kawo ta daga haɗarin mota. Ba ta cikin hayyacinta, jini na zuba a cikinta, babu jaka, babu waya, babu wanda ya san ta. Sashen agajin gaggawa ya bi tsarin da ake da shi: kwamfuta ta zaɓo mata kalmomi biyu daga wani jeri a matsayin suna, ta ba ta sabuwar lambar asibiti, aka rubuta ranar haihuwarta 1 ga Janairu tare da shekarar da likita ya kintata daga ganin ta. A munduwarta aka buga "Delta Kilo", mace, mai kimanin shekara 30.

Wannan suna mara kan gado da gangan aka yi shi haka. A da asibitoci da dama sukan rubuta "Ba a sani ba 1", "Ba a sani ba 2", sai ka ga mutum biyar a kwance da suna ɗaya, lamba kaɗai ta raba su. Bayan harin bam da aka kai wurin gasar gudun yada-ƙanin-wani ta Boston a Amurka a watan Afrilun 2013, likitocin wani babban asibitin birnin sun rubuta yadda sunayen wucin gadi masu kama da juna suka rikita ma'aikata, har suka sauya tsarinsu. A Ingila ma hukumar lafiya ta NHS ta fitar da gargaɗi a watan Disambar 2018, cewa a riƙa haɗa sunan aro daga kalmomin da ba su bi jeri ba, lambar ma kada ta bi jeri, shekarar haihuwa kuma a kintata ta kusa da gaskiya maimakon a sa wa kowa 1900.

Kintacen shekarun nan ni ya fi yi wa amfani a daren. Mace mai shekarun haihuwa da ba a san rukunin jininta ba, O nagetif ake ba ta, don kada jikinta ya yi antibodi, wato garkuwar da jiki ke ƙerawa don yaƙar baƙon abu, a kan sinadarin D da ke cikin jinin fozitif, domin wannan antibodin zai iya cutar da jaririn da za ta ɗauka nan gaba. Da namiji ne, ko tsohuwa, da O fozitif zan fitar, domin O nagetif kullum ƙaranci yake yi. Na ciro leda biyu daga firij, na rubuta lambobinsu a ƙarƙashin Delta Kilo, na kira sashen.

"Sista, don Allah kafin ki rataya ledar farko ki ɗebo mini samfur."

"An ɗeba, Malam, yana hanya."

Ba son jan magana ya sa na nace ba. Da zarar jinin O ya shiga jikin mai rukunin A, gwaji yakan nuna iri biyu a gauraye, kuma in an yi ƙari da yawa, gane rukuninta na asali sai ya zama aiki. Samfurin ya nuna A fozitif, binciken antibodi bai nuna komai ba. Duk da haka ban koma ba ta jinin A ba sai da samfur na biyu ya zo, wanda wata nas daban ta ɗeba a wani lokaci daban. Wani bincike da aka yi a asibitocin ƙasashe 10, aka wallafa a 2003, ya gano cewa kusan kwalba 1 cikin 2,000 na ɗauke da jinin wani mutum daban da wanda sunansa ke jiki. Kwalba irin wannan babu na'urar da za ta tona ta, don jinin lafiyarsa lau, sunan ma an rubuta shi tsaf. Samfur na biyu ne kawai ke kama ta, ko kuma tsohon tarihi, ita kuwa Delta Kilo ba ta da tarihi, awa ɗaya ke nan da zuwanta duniya a kwamfutarmu.

Tana ɗakin tiyata wajen asuba wayata ta yi ƙara. Ma'aikacin ofishin kati ne.

"Malam, mijin matar nan ya zo da katin shaidarta. Bari in gyara sunan yanzu."

"Don girman Allah kada ka taɓa. Karanto mini sunan da ranar haihuwa in rubuta, amma ka bar fayil ɗin yadda yake."

Ya yi shiru kaɗan, na san abin bai yi masa daɗi ba. A ganinsa gaskiya ta zo, me za a jira? Amma a wannan lokacin akwai ledoji huɗu a firij ɗin tiyata, kowace da takardar dacewa, wadda ke shaida jinin ya dace da majinyaci, mai sunan Delta Kilo. Akwai kwalabe a cikin na'urori da sakamakonsu bai fito ba, duk da wannan suna. Hannunta kuma yana ƙarƙashin mayafin tiyata da munduwa mai wannan suna. Idan ya danna, allon likitan da ke kula da barcinta zai nuna suna ɗaya, ledar da ke hannunsa ta nuna wani. Ɗayan biyu zai faru: ko na'urar karanta bakod ta ƙi ledar a tsakiyar zubar jini, ko wani ya ce ai ita ce, a rataya kawai. Na biyun ya fi tsorata ni, domin ranar da ma'aikata suka saba rataya jini alhali suna bai dace ba, kariyar gaba ɗaya ta rushe, kuma wata rana "ai ita ce" ɗin ba ita ba ce. Dokarmu a rubuce take: sunan aro yana nan daram har sai majinyaci ya fita tiyata, jikinsa ya daidaita, kuma bankin jini ya ce ya shirya.

Mijin, na ji daga baya, ransa ya ɓaci da ya ga wani baƙon suna a jikin gadon matarsa bayan ya riga ya faɗi sunanta. Ban ga laifinsa ba. Nas ce ta zaunar da shi ta yi masa bayani, ta fi ni iya wannan.

Sai dai hana canza suna rabin aikin ne. Sunanta na gaskiya ina buƙatarsa a take, ba don in manna a leda ba, don in leƙa tarihi. Na bincika sunan da ke katin shaidar, babu kowa. Na bincika da ranar haihuwa kaɗai, mata da yawa suka fito, babu mai sunan. Sai na sake kiran sashen na ce a tambayi mijin ko an taɓa kwantar da ita a nan, ko an taɓa yi mata ƙarin jini, kuma da wane suna. Amsa ta dawo: an taɓa, lokacin haihuwarta ta fari ta zubar da jini sosai, kuma a lokacin da sunan mahaifinta take amfani, daga baya ne ta koma sa sunan miji a takardunta.

Da wancan sunan fayil ya fito. A fozitif. An yi mata ƙarin jini. A ƙasa kuma, da jan rubutu: anti-Jka.

Wanda ba ya aikin nan ba zai gane dalilin da ya sa gabana ya faɗi ba. Mutane sun san A, B, AB da O, waɗanda suka samo asali daga binciken Karl Landsteiner na 1901, sun san fozitif da nagetif. Amma a jikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wasu rukunonin da yawa, irin su Kell, Duffy da Kidd. Wanda aka yi wa ƙarin jini, ko macen da ta yi ciki, jikinta kan iya yin antibodi a kan ɗayansu. Rukunin Kidd, wanda aka gano a 1951, antibodinsa ya yi ƙaurin suna wajen ɓuya. Yakan bayyana, ya ragu cikin watanni ko shekaru har gwaji ya kasa ganinsa, amma jiki bai manta ba. Idan aka sake ba mutumin jini mai sinadarin Jka na wannan rukunin, bayan 'yan kwanaki zuwa mako biyu antibodin yakan taso da ƙarfi ya fara farfasa jinin da aka ƙara. Gwajin da na yi a daren bai yi ƙarya ba da ya ce babu komai. Tsohon fayil ne kaɗai ya san abin, shi kuma yana kwance a ƙarƙashin sunan da matar ta daina amfani da shi.

A nan ne na fi daɗewa ina tunani. Shin fayil ɗin nata ne? Sunan farko ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, shekarar da mijin ya ce ta haihu ta dace da ta ƙarin jinin, rukuni ya zo daidai. Amma ita ba ta farka ta faɗa da bakinta ba, kuma masu A fozitif sun fi a ƙirga. Kama da wane ba ta wane. Abin da aka koya mini, kuma nake ganin shi ne ƙashin bayan wannan aiki, shi ne tarihin da ba a tabbatar ba ana iya ƙara tsauri da shi, amma ba a sassauta komai saboda shi. Ba zan ɗauki tsohon rukunin a madadin samfur na biyu ba. Amma zan iya ɗaukar gargaɗin antibodin kamar tabbatacce, domin in fayil ɗin ba nata ba ne, asarar kawai wahalar neman jini ce, in kuwa nata ne na yi biris, ita za ta biya.

Don haka na sa gargaɗi a fayil ɗin Delta Kilo, na rubuta inda na samo shi da lambar tsohon fayil, ba tare da na haɗa su ba. Na kira likitan tiyata.

"Ranka ya daɗe, akwai alamar tana da tsohon anti-Jka. In jinin na zuba yanzu, ka ci gaba da abin da ke hannunka, kada ka tsaya. In akwai sarari, ka ba ni lokaci in musanya maka ledojin."

Ya ce sun kusa ɗaure jijiyar, zai iya jira. Neman jini mara Jka ba wasa ba ne. A cikin Turawa kusan kashi 23 cikin 100 ne ba su da shi, a cikin baƙar fata kuwa kusan kashi 8 ne kacal. Na yi ta gwada ledoji kafin in sami waɗanda suka dace, sauran kuma cibiyar da ke kawo mana jini ta turo da safe. Na kuma ɗauko guntayen bututun da muke yankewa mu ajiye daga kowace ledar da ta fita, na gwada na waɗanda aka riga aka ƙara mata. Kamar yadda lissafi ya nuna, yawancinsu suna da Jka. Babu wanda ya yi kuskure a nan, da ba a ba ta jinin ba da ba ta kai safiya ba. Amma yanzu likitoci sun san abin da za su sa wa ido: jini ya sauka ba tare da zuba ba, zazzaɓi, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu.

Canjin sunan kansa sai da ta farka aka cire mata bututun numfashi. Mun tsayar da lokaci da rana tsaka, sa'ad da babu jinin da ke rataye kuma ba a sa ran tiyata. Na fara da fitar da jerin duk abin da ke ƙarƙashin sunan aro, na aika aka dawo mini da kowace ledar da aka keɓe mata, na yage takardun dacewar, na mayar da jinin cikin ajiya. Na tabbatar babu kwalbarta da ta rage a na'ura. Sannan na kira na ce bankin jini ya shirya.

A bakin gado, nas biyu suka tambaye ta sunanta da ranar haihuwarta. Ba a ce mata "ke ce wance?" ba, domin mara lafiya da ke cikin magagin magani zai iya gyaɗa kai ga kowane suna. An bar ta ta faɗa da kanta, ta kuma faɗi tsohon sunan. Aka ɗaura sabuwar munduwa, aka yanke tsohuwar a nan take, don kada a bar ta da biyu ko a bar ta babu ko ɗaya. Aka kwashe duk sitikun Delta Kilo da suka rage a cikin fayil ɗin takarda, waɗanda su ne suka fi yawan jawo matsala, don kullum akwai mai gaggawar da zai zaro ɗaya ya manna. Sannan aka ɗebi sabon samfur daga hannun da ke ɗauke da sabuwar munduwa.

Wani sabon likita ya tambaye ni me ya sa za a sake huda matar, tunda jininta bai canza ba. Gaskiya ne bai canza ba. Amma tsohuwar kwalbar shaida take bayarwa a kan Delta Kilo, kuma daga wannan lokacin babu mai wannan suna a kan gado. Ba ma goge suna a jikin kwalba mu rubuta wani, ko wa ya roƙa. Ko ba don haka ba ma, samfurin wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata 3 da suka wuce kwana 3 kawai yake aiki, saboda sabon antibodi kan iya tasowa a tsakani. Sabon samfurin ya nuna A fozitif da ɗan gaurayen O daga ledojin farko, daidai da abin da muke tsammani.

Sai haɗa fayil biyu, wanda shi ne matakin da gyara shi ke da wuya in an yi shi ba daidai ba. Fayil biyu na mutum ɗaya matsala ce, amma mutum biyu a fayil ɗaya ta fi muni, domin rukunin jinin wani zai zauna a kan sunan wani da hatimin gaskiya. Ni da shugabar ɗakinmu muka zauna muka gwama bayanan gefe da gefe, kowa ya sa hannu, sannan ofishin kati ya haɗa. Tsohuwar lambar asibiti ce ta rayu, ta wucin gadin ta yi ritaya, ba za a sake ba wa kowa ita ba.

Manhajarmu tana ƙin haɗa fayil biyu idan rukunin jininsu ya saɓa, kuma na taɓa ganin amfanin hakan. Wani ya zo da katin asibitin ɗan uwansa, tsohon fayil ya ce B, kwalba ta ce O. Ko dai an ɗebi jinin wani, ko mutumin ba shi ba ne, ko kuma an yi masa dashen ɓargo, wanda kan iya sauya rukunin jini da gaske. Da aka sake ɗiba aka tambaye shi a hankali ya faɗi gaskiya. Ba aikina ba ne in yi masa wa'azi, amma da rukuninsu ya zo ɗaya da ba wanda zai gane, kuma tarihin mutum biyu zai cakuɗe har abada.

Sunan Delta Kilo bai ɓace ba bayan haɗawar, ya koma cikin jerin sunayen da aka taɓa sanin ta da su, tare da sunan mahaifinta. Dole ne ya zauna. Kowace ledar jini tana da lambarta da ba ta maimaituwa, a tsarin ISBT 128 da ƙasashe da yawa ke bi, kuma dole a iya bin sawunta daga hannun mai bayarwa zuwa jijiyar wanda ya karɓa. Dokar Tarayyar Turai ta 2003 ta ce a adana wannan bayani aƙalla shekara 30. Idan bayan shekaru aka gano wata cuta a jikin wanda ya ba da ɗaya daga cikin ledojin daren nan, za a zo da lambar leda, takardar da aka sa wa hannu za ta ce Delta Kilo, kuma wanda ke kan kujerata a lokacin yana buƙatar ya buga wannan suna ya iske mace ta gaske da za a iya kira.

Akwai sunan aron da ba a cirewa ma sam, kamar na wanda aka kai wa hari ake tsoron a biyo shi, ko sanannen mutum da ba a so a san yana kwance. Waɗannan suna zama da sunan aro har a sallame su, amma ana ba shugabar bankin jini sunan gaskiya a asirce don ta duba tarihi. Jarirai kuma nasu daban ne, sukan shigo da sunan uwa, tagwaye kuwa harafi ɗaya ke raba su. A Amurka, tun daga Janairun 2019, hukumar Joint Commission mai tantance asibitoci ta wajabta musu hanyar bambance jarirai a fili saboda wannan.

Bayan mako guda da 'yan kwanaki, jinin matar ya ɗan sauka, idonta ya yi rawaya. Likitocin ba su ɓata lokaci suna neman zubar jini a ciki ba, suka turo samfur kai tsaye. Gwajin Coombs ya nuna antibodi a manne da ƙwayoyin jinin, muka ware shi, anti-Jka ne, ya dawo fili. Abin bai yi tsanani ba, ƙodarta ba ta taɓu ba, leda ɗaya mara Jka ta ishe ta. Na cike rahoton illar ƙarin jini da sunanta na yanzu, na sa lambar wucin gadin a gefe domin ledojin da suka jawo abin a ƙarƙashinta aka fitar da su.

Kafin a sallame ta na buga mata katin antibodi, na kai sashen da kaina. Na sa sunanta na yanzu da na da, da ranar haihuwa, da rukuninta, da anti-Jka.

"Hajiya, wannan ki riƙa yawo da shi tare da katin shaidarki. Duk asibitin da za a ƙara miki jini, ko kika je awon ciki, ki nuna musu tun kafin su tambaya. Kwamfutarsu ba ta ganin tamu, kuma nan da shekara biyu gwajinsu zai iya cewa ba ki da komai."

Mijin ya karɓa ya ɗauki hotonsa a waya, ya tambaya ko yaransu ma suna buƙatar irinsa. Na ce a'a, antibodin nata ne ita kaɗai, amma in ta sake samun ciki a gaya wa likitan mata tun zuwan farko.